Faifai da Ƙwarya: Yadda Ake Koya wa Ƙaramin Yaro Launi a Gidajen Dakoro

Malaman fiƙihu, sa'ad da suka zo bayanin hukuncin yaro, sun ambaci wani matsayi da suke kira tamyizi, watau lokacin da yaro zai fahimci magana ya mai da jawabi, ya kuma rarrabe abin da zai amfane shi da abin da zai cuce shi, galibinsu kuwa sun ƙaddara shi wajen shekara bakwai, shekarar da ake fara umurtar yaro da salla. Amma duk wanda ya zauna da yara ya lura da al'amarinsu ya san wannan baiwa ba ta sauka dare ɗaya, tana da mafari tun yaro yana tatata, tun ranar da ya fara gane cewa wannan ludayi irin wancan ne, wancan kuwa dabam yake. Tara abubuwa masu kama da juna wuri guda, da ware waɗanda suka saɓa, shi ne tushen da lissafi da karatu za su hau daga baya, domin wanda zai rarrabe ba'un da ta'un a kan allo, alhali kuwa ɗigo ne kaɗai ya raba su, lalle sai idonsa ya riga ya saba da neman bambanci.

Na zaɓi in yi wannan bayani a kan Dakoro, garin da ke arewa da Maraɗi da kimanin kilomita 120, saboda ƙasa ce da noma da kiwo suka haɗu a cikinta, daga Gulbin Kaba ta wajen Kornaka har zuwa kwarin Tarka, inda dokar 1961 ta shata iyakar noma ta arewa. Hausawa da Fulani da Buzaye suna cin kasuwa guda, kuma kusan dukkan sana'arsu ta rarrabewa ce: manomi yana ware zangarniyar da za ta zama iri daga hatsin da za a ci, makiyayi yana tsayawa bakin rijiya ya tsamo shanunsa daga cikin ɗaruruwa da kamanninsu kawai, macen gida kuwa ba ta ɗora tukunya sai ta tsince wake ta fid da tsakuwa da mai ƙwari. Makarantun rainon yara, waɗanda dokar ilmi ta Nijar ta 1998 ta sa su cikin tsarin karatu, yawancinsu a manyan garuruwa suke, kuma ɗan ƙauye bai cika shiga aji ba sai ya kai shekara shida ko bakwai. Shekarun da suka gabaci wannan duka a tsakar gida suke wucewa, saboda haka abin da aka yi da su a tsakar gidan shi ne guzurin da yaro zai tafi da shi lakwal ko makarantar allo.

Kada wani ya ɗauka wasa da yaro aikin marasa abin yi ne. A birnin Kingston na ƙasar Jamaika, a shekarun 1986 da 1987, wata likita mai suna Sally Grantham-McGregor da abokan aikinta suka ɗauki yara 129 waɗanda rashin abinci ya tsumburar da su, masu wata 9 zuwa 24, suka kasa su kashi-kashi. Wasu aka riƙa ba su madara, wasu kuwa ma'aikaciyar lafiya ta riƙa zuwa gidansu sau ɗaya a mako har shekara biyu, tana nuna wa uwa yadda za ta yi wasa da ɗanta ta yi masa magana, da kayan wasan da aka harhaɗa daga tarkacen gida. Bayan shekara ashirin aka sake neman waɗannan yara, sun zama manya, aka buga sakamakon a mujallar Science a 2014: waɗanda aka yi wa ziyarar wasa, abin da suke samu a sana'arsu ya ɗara na waɗanda ba a yi musu ba da kashi 25 cikin ɗari. Wannan labari ya shafi Dakoro ƙwarai, domin mutanenta ba su manta da yunwar 2005 ba, lokacin da ƙungiyar likitoci ta MSF ta buɗe wurin jinyar tamowa a garin, kuma har yau iyaye mata da yawa sun san igiyar nan ta awon damtse mai launi uku, ja da rawaya da kore, wadda jan cikinta ke nuna damtsen yaro bai kai milimita 115 ba. Abinci wajibi ne, babu abin da zai tsaya a madadinsa. Sai dai yaron da ya warke daga tamowa yana bukatar a ta da hankalinsa daga kwance kamar yadda aka ta da jikinsa.

Abu na farko da ya kamata mai reno ya sani shi ne ido yana riga harshe. Jariri yana ganin launi tun yana ɗan watanni, kuma yaro ɗan shekara biyu yakan iya ɗora ja a kan ja ba tare da kuskure ba, amma in ka tambaye shi sunan launin sai ya ce fari, gobe ya ce kore, har uwa ta fara zaton ko ɗanta dolo ne. Charles Darwin, masanin halittu na Ingila, ya rubuta a 1877 cewa 'ya'yansa sun kai lokacin da suka san sunan kusan kowane abu na gida amma suna ta kuskuren sunan launi, har ya yi tsammanin idonsu ne ba ya gani. Dalilin kuwa a fili yake in an yi tunani. Ƙwarya abu ce da yaro zai ɗauka ya jefar, akuya abu ce da zai bi da gudu, amma ja ba shi da jiki nasa na kansa, sifa ce da ke kan tumatir da hular baba da akuyar Maraɗi baki ɗaya, kuma kafin yaro ya gane cewa abin da ya haɗa waɗannan uku shi ake nufi, sai ya ji kalmar a wurare masu yawa. Galibin yara ba su daidaita sunayen launi sosai sai tsakanin shekara uku da huɗu. Wanda ya san haka ba zai yi wa ɗan shekara biyu tsawa ba.

Saboda haka tartibin koyarwa hawa uku ne, kuma ba a tsallake ɗaya. Da farko daidaitawa, ba tare da an nemi yaro ya faɗi kome ba. Sa'an nan nuni, a ce masa miƙo mini ja, ya miƙo. Daga ƙarshe faɗi, a ɗaga abu a ce wannan fa, ya ba da suna. Maria Montessori, likitar Italiya wadda ta buɗe gidan yaranta na farko a unguwar matalauta ta San Lorenzo a birnin Rum a watan Janairu na 1907, a kan irin wannan tartibi ta gina darasinta, ta kuwa ɗauko asalinsa daga wani likitan Faransa, Édouard Séguin. Kayan da ta koyar da launi da su 'yan alluna ne da aka naɗe da zaren siliki, bibbiyu ga kowane launi, yaro ya nemo kowanne da ɗan'uwansa. Kafin ita, Friedrich Froebel na Jamus, wanda ya kafa lambun yara a 1840, kyautar farko da yake ba jariri 'yan ƙwallaye shida ce na ulu, kowace da launinta. Wanda ya dubi kayan nan biyu da idon basira zai ga hikima guda a cikinsu, ita ce kuma nake so mai karatu ya riƙe fiye da sunayen mutanen: allunan duk girmansu ɗaya, ƙwallayen duk siffarsu ɗaya, launi kaɗai ya bambanta. In ka ba yaro jan kofi da farin ludayi ka ce ga ja ga fari, bai san ko ja sunan kofi ba ne. In kuwa kofi biyu ne iri ɗaya, babu inda hankalinsa zai tafi sai kan launin.

To, wannan sharaɗi gidan Dakoro yana cika shi ba tare da an kashe ko dala ba. Mafi kyawun kaya ga ɗan shekara ɗaya da rabi zuwa uku su ne ƙyallayen da ke zuba a ƙarƙashin keken tela, waɗanda in an roƙa ba ya hanawa. A zaɓi masu launi guda, ban da atamfa mai zane, a yanka su daidai tafin hannun babba, a wanke, a fara da launi biyu da suka yi nisa da juna, kamar fari da ja, guda biyar-biyar. A ajiye faifai biyu a kan tabarma, a ɗora farin ƙyalle a ɗaya, ja a ɗaya, mai reno ta ɗauki na uku ta ajiye inda ya dace a hankali yaro yana kallo, ta miƙa masa na huɗu. In ya sa daidai ta yi murna a fuskarta, in ya kuskure ta ɗauka ta kara shi da ɗan'uwansa ta ce, duba, wannan irin wannan ne, ta bar shi ya sake. Ba a shigo da launi na uku sai biyun farko sun zauna, kuma a jinkirta haɗa shuɗi da kore ko ja da ruwan goro, domin makusanta ne. Bayan ƙyalle akwai kofunan roba na shan ruwa, da manyan marufan jarka, da takalman roba da ke jibge a bakin ƙofa, waɗanda haɗa kowanne da ƙafarsa darasi ne cikakke. Akwai kuma tabarmar kaba mai ratsi da faifan da aka saƙa da rinannen kaba, inda yaro zai bi ratsin ja da yatsa har ya ƙare.

Wanda ke son ya ƙera nasa kayan, ɓawon fasasshiyar ƙwarya ya isa: a fasa shi gida-gida kamar faɗin tafin hannu, a goge bakinsa da dutse kada ya yi kaifi, a shafa wa wasu gawayi, wasu farar ƙasa, wasu jar ƙasa, wasu kuma a jiƙa su a ruwan karan dafi, wanda dukawa suka daɗe suna rina jar fata da shi. Ga ɗan shekara huɗu akwai wani abin mamaki da ke cikin kowane madafi. A zuba ruwan zoɓo a ƙananan kofuna biyu, a matsa lemun tsami a ɗaya, jansa zai ƙara haske. A ɗiga ruwan kanwa a ɗaya, nan take zai juya ya yi duhu ya ɗauki kore-kore. Yaron da ya ga launi ya sauya a gaban idonsa alhali ruwan bai sauya ba, ya fahimci abin da bayani mai tsawo ba zai fahimtar da shi ba.

Yadda ake furta maganar ma yana da tasiri. Wani malamin jami'ar Stanford ta Amurka a wancan lokaci, Michael Ramscar, da abokan aikinsa sun wallafa a 2010 cewa yara 'yan shekara biyu sun fi saurin kama sunan launi in an fara ambaton abin sa'an nan launinsa ya biyo baya, domin sunan abin yana kai idon yaro wurin da ake so kafin sifar ta iso. Hausa kuwa ta ba mu hanya biyu, muna cewa farar ƙwarya muna kuma cewa ƙwarya fara, saboda haka mai reno ta fi yawaita ta biyun: ƙwaryar nan fara ce, akuyar can ja ce. Kuma da yake sunayen launi da yawa a harshenmu daga abin da ke kusa aka ɗauko su, kamar ruwan toka da ruwan ƙasa da ruwan goro da ruwan ɗorawa, hanya mafi sauƙi ita ce a nuna wa yaro tokar kanta a murhu kafin a ce masa rigar wane ruwan toka ce.

Sai tambayar da ta fi kowace nauyi a wurina, wato wa zai yi wannan aiki. Macen Dakoro tana tashi da asuba ga daka ga ɗibar ruwa, rijiyoyin ƙasar kuwa zurfi gare su, da damina kuma ga gona. Wanda ya ce ta ware sa'a guda ta zauna wasa bai san rayuwarta ba. Ban da wannan akwai alkunya, wadda ke hana uwa sakin jiki da ɗanta na fari, ba ta kiran sunansa, ba ta yi masa wasa a gaban mutane. Ni ban ga dalilin yaƙi da wannan ɗabi'a ba, domin al'adar da ta kawo ta ita ce kuma ta tanadi magani. In an tashi yaye, wajen shekara biyu, gidan kaka ake kai yaro, daidai lokacin da ya isa fara daidaita launi. Kaka kuwa tana da sarari, tana da haƙuri, kuma tsakaninta da jika wasa ne halattacce. Ita ce za ta zauna da faifai a inuwa ta ce, zo nan maigidana, miƙo mini ja in yi maka fura, ko ta ce wa jikanya, ke kishiya, wannan tulin naki ne wancan nawa, kada ki taɓa mini farare. Haka goggo da inna, haka yayyen da ke goyon ƙannensu, waɗanda in an nuna musu sau ɗaya za su mai da shi wasansu na kullum. Uwa kuma ba a nemi ta bar aikinta ba, an nemi ta buɗe baki a cikinsa: ranar wanki ta ce kawo fararen tufafi nan, baƙaƙe can, in an dawo daga kasuwa ta ce zuba albasa a wannan kwando, tumatir a wancan. Minti biyar ko goma sun isa, kuma da zarar yaro ya juya baya an tashi.

Uba ma yana da rabonsa, musamman a gidan kiwo. Da yamma in dabbobi sun dawo, ya ɗauki yaro a kafaɗa ya nuna masa balami fari fat, da tunkiya uda wadda gabanta duhu bayanta fari kamar an raba ta da igiya, da jajayen shanun Bororo masu dogayen ƙaho. Alƙur'ani mai girma, a Suratu Faɗir aya ta 27 da ta 28, ya ja hankalin mutane ga saɓanin launin 'ya'yan itatuwa da duwatsu da mutane da dabbobi, ya sa shi cikin ayoyin da masu ilmi ke lura da su, kuma Imamu Gazali a cikin Ihya'u ya yi gargaɗi cewa hana yaro wasa da tsananta masa karatu yana dushe masa basira. Uban da ya tsaya a bakin garke yana nuna wa ɗansa launin tumaki bai fita daga tarbiyyar da malamai suka yi umurni da ita ba.

In yaro ya kai shekara uku da rabi ko huɗu, ya ƙware a ware launi, sai a sauya masa ƙa'ida. Kayan da ya saba warewa ja da fari, yanzu a ce ya ware su manya da ƙanana, ko kofuna gefe guda marufai gefe guda. A nan mai reno za ta ga abin al'ajabi: yaron zai maimaita sabuwar ƙa'idar da bakinsa daidai, amma hannunsa ya ci gaba da bin tsohuwar. Masanin halayyar yara Philip Zelazo ya gwada wannan da katuna tun shekarun 1990, ya tarar galibin 'yan shekara uku suna maƙalewa a ƙa'idar farko, 'yan shekara biyar kuwa suna juyawa ba wahala. Wannan ba taurin kai ba ne, kuma duka ba ya gaggauta shi. A bar shi kwana biyu a sake gwadawa. A wannan shekarun ne kuma za a iya zaunar da shi kusa da faifan wake ya taya tsinta, fari gefe ja gefe, a ƙirga tulin tare da shi.

Na jinkirta ambaton wake da gangan, domin shi ne abin da hannu ke fara kaiwa gare shi, alhali kuwa haɗari ne ga wanda bai kai shekara uku ba. Yaro ƙarami kome ya samu baki yake kaiwa, wani lokaci hanci ko kunne, kuma gujiya tana cikin abubuwan da likitoci suka fi cirowa daga hanyar numfashin yara. Ma'aunin da wata hukuma a Amurka ta sa wa masu ƙera kayan wasa shi ne duk abin da zai shige bututu mai faɗin santimita 3 da 'yan kai bai dace da ɗan ƙasa da shekara uku ba. A gida sai a ce duk abin da bai kai goruba girma ba a ɗauke shi, har da marufan kwalabar lemo da maɓallai da tsabar kuɗi. A nisanta yaro da idon zakara, 'ya'yan nan ja masu baƙin ɗigo da kyansu ke jan ido, domin dafi ne mai kisa in an tauna, haka 'ya'yan zurma da na bini-da-zugu. Irin shuka da aka gauraya da jan magani, da waken da aka sa wa ƙwayar maganin ƙwari a buhu, da gwangwani ko jarkar da ta taɓa ɗaukar maganin feshi ko fetur, da tsohon batir, ko ɗaya kada ya shiga kayan wasa, ko da an wanke. Kuma ko ɗan shekara huɗu ba a barinsa shi kaɗai da faifan wake in akwai ƙaninsa mai rarrafe a kusa.

Akwai kuma yaran da Allah ya halitta idonsu ba ya rarrabe wasu launuka, galibi ja da kore, abin da John Dalton na Ingila ya bayyana a 1794 daga halin idonsa. Gado ne da ke bin jinin uwa, ya fi yawa ga maza nesa ba kusa ba. A cikin Turawan arewa yana kama namiji 8 cikin ɗari, a cikin baƙar fata kuwa bai kai haka ba. Alamarsa ita ce yaro ya kai shekara biyar, yana ware manya da ƙanana daidai, yana ware fari da baƙi da shuɗi daidai, amma kullum yana cakuɗa ja da kore ko da ba a nemi ya faɗi suna ba. Irin wannan yaro hankalinsa lafiya lau yake, kuma ba a san maganin da ke kawar da abin ba, sai dai a kai shi wurin ma'aikacin ido a Dakoro ko Maraɗi a gwada shi da littafin ɗige-ɗige na Ishihara, wanda ake aiki da shi tun 1917, in ya tabbata a shaida wa malaminsa tun ranar da aka sa shi aji, domin ya san abin da zai rubuta da jan alli da abin da zai ja wa layi.